Makullin Jirgin Yaya

Wanda na fara tsana a rayuwata ko jini ba shi da shi a jiki. Wani ɗan gajeren jami'in tashar jirgin ruwa ne mai gashin baki kamar tsohuwar tsintsiya, yana zaune a cikin kwamfutar Yayana. Aikinsa ɗaya ne: ya tare mu, ya ce mu buɗe littafi shafi kaza, layi kaza, mu rubuta masa kalma ta kaza, sannan ya bar jirginmu ya wuce. Mu kuwa ba mu da littafin.

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Lome ya kai su arewa har bakin iyaka. A wata damina motar ta kife da shi kusa da Langabu. Ya tsira da ransa, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Da aka sallamo shi daga asibiti aka kawo shi gidanmu a Zangon Sokode, sai ya sa aka tura masa katifa jikin bango, ya sa aka saki labule, shi ke nan. Mutumin da a da in ya shigo unguwa sai kowa ya sani, da hon da dariya da tsokanar tsofaffi masu tuya, ya koma "i" da "a'a", su ma sai an yi ta lallashi. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Daga Inna sai ni, ita tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ni ina shekarar ƙarshe a sakandare. Abin da muke tsoro, ko da yake ba wadda ta taɓa furta wa 'yar'uwarta, shi ne wata rana mu ɗaga labulen mu tarar ya saki duniyar gaba ɗaya.

Abokansa direbobi ne suka kawo kwamfutar. Tsohuwa ce, daga 'yan gwanjon Lome, farinta ya koma ruwan ɗorawa, tare da wani kwali mai hoton jirgin ruwa da faya-fayai a ciki. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Me zai yi da talabijin ɗin da ba ya kama tasha?" Ni da na ɗan taɓa irinta a makaranta na haɗa wayoyin, na sa wasan, na zauna a bakin katifarsa ina yi, shi kuma ya ba ni baya.

Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne in ka kwatanta shi da na yanzu. Ana ba ka ɗan jirgi, ka sayi kaya a wannan tsibiri ka kai wancan, ka lura da iska, ka gyara abin da ya lalace, ka ciyar da ma'aikatanka. Wato aikin Yaya ne sak, sai dai a kan ruwa. Kwana uku ina ta kirɓa shirme ni kaɗai. A rana ta huɗu na ji murya daga bayana.

"Kin yi lodi fiye da ƙima. Zai nutse."

Ashe ya daɗe da juyowa. Jirgin kuwa ya nutse, da ni da buhunan barkonona. Ya ja tsaki irin nasa na da, ya ce, "Matso mini da abin nan." Na fita tsakar gida na gaya wa Inna, ta ajiye ludayi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Tun ranar farko mun san da mai gashin bakin, domin duk lokacin da aka kunna wasan sai ya yi tambayarsa. Abin da ya cece mu shi ne wanda ya fara mallakar kwalin, wani bawan Allah da ba za mu taɓa sani ba, ya rubuta amsoshi biyar da fensir a cikin murfin. In tambayar ta zo cikin biyar ɗin, mun wuce. In ba ta zo ba, sai a kashe a sake kunnawa. Wani lokaci sau biyu, wani lokaci sai mun gaji da ƙirga, wani lokaci kuma tambayar tana dacewa sai a ɗauke wuta. A haka Yaya ya gina jirginsa. Ya fara cin abinci yana kallon allo, ya fara yi wa matuƙansa faɗa kamar yaran mota, ya fara tambayar Inna nawa ake sayar da barkono a kasuwa don ya ga ko Turawan nan sun san abin da suke yi.

Wata biyu yana tara ƙarfi don ya haye babban teku, inda rabin wasan na biyu yake. Ranar da ya haye muka gane cewa duk abin da ya wuce gaisuwa ce. A can, kowace tasha mai gashin baki yana tsaye, ba a kashewa a sake kunnawa, kuma in ka yi kuskure sau uku sai ya ce kai ɓarawon teku ne, a harbi jirginka ya nutse da duk abin da ka tara. Mun cinta sau uku. Na ce Yaya ya rubuta "ruwa" da Faransanci, ai littafin jirgi ba zai rasa ruwa ba. Bai rasa ba ɗin, amma ba a layi na bakwai ba. Muna kallo jirgin ya karkata ya shige.

Yaya ya ce, "Kashe." Ya juya wa bango fuska.

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Na ɗauki kwalin na maka shi da ƙasa, na zagi waɗanda suka yi wasan da iyayensu da garinsu da ban san sunansa ba. Saye aka saya mana, ba sata muka yi ba. Sun kulle ƙofa don ɓarayi, sai ga shi mai gida ne ke kwana a waje. Na bi shagunan intanet na gari ɗaya bayan ɗaya ko wani ya san dabara. Samarin suka yi mini dariya, suka ce wasan nan ya tsufa har ɓarayin ma sun manta da shi.

Direbobi ne suka sake taimakonmu. Suka baza magana tun daga Lome har iyaka, a tashoshi da wajen masu shayi, cewa ana neman littafin wani wasa mai jirgin ruwa. Bayan makonni wani ya zo da labari: akwai wani tsohon malamin firamare a Dapaong, ɗan ƙabilar Moba, wanda ɗansa ya aiko masa da irin wasan daga Turai, da littafinsa cif. Amma ya ce littafin ba ya fita daga gidansa ko da taku ɗaya, don kullum da shi yake wasa. Wanda yake so ya zo ya gani.

Dapaong ba baƙon gari ba ne a gare mu. Can Baffa yake, yayan mahaifinmu, malamin allo kuma marubucin Alƙur'ani da hannu, wanda ake zuwa wajensa har daga Korbongu da ƙauyukan bayanta. A hannunsa Yaya ya tashi. Tun yana ƙarami aka kai shi, kuma an ce cikin duk waɗanda Baffa ya koyar ba mai hannun rubutu kamarsa, har Baffa ya fara ba shi takarda maimakon allo. Sai rana ɗaya Yaya ya ajiye alƙalami ya bi wata mota ya zama yaron mota. Tun daga nan magana ta mutu tsakaninsu, sai gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Bayan haɗarin Baffa ya zo Sokode, ya zauna a bakin katifa ya yi addu'a mai tsawo. Yaya bai juyo ba har Baffa ya tashi ya tafi.

Na hau mota da sassafe, muka bi ta Kara da Mango, ban isa ba sai bayan la'asar. Na sauka gidan Baffa na ce masa aikin makaranta ne ya kawo ni, don kunya ta hana ni cewa na yi tafiyar yini guda saboda wasa.

Kowa a unguwar tsohon malamin Mesiye yake ce masa, ni ma haka na bi. Dogo ne siriri, da tabarau a rataye a wuya, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya ɗauko littafin daga cikin leda biyu ya ajiye mini a kan tebur.

"Ga shi, yarinya. Ka gani da ido, ka taɓa da hannu, amma shi kwana nan gida."

Littafin bai kai kaurin yatsana ba, shafi arba'in da 'yan kai. Amma takardarsa ja ce wur mai duhu, kamar zoɓon da ya jiƙa sosai, rubutun kuma baƙi ƙanana. Sai ka karkata shi wajen haske kafin ka ga haruffan. Na roƙi Mesiye har ya yarda ya raka ni shagon fotokofi, littafin yana hammatarsa. Injin ya yi ƙugi ya tofo takarda baƙa ƙirin daga sama har ƙasa. Aka sake gwadawa, haka. Mesiye ya yi dariya har yana share ido, ya ce ai don haka suka yi shi ja, ya sani tun farko, so yake na gani da kaina. A lokacin ba wayar da ke ɗaukar hoto a hannun irinmu. Na tsaya a shagon ina jin wani abu tsakanin takaici da mamaki. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya zauna ya yi tunanina tun kafin na san kaina, ya toshe hanyar da zan bi.

Na ce to, ai ina da hannu. Na sayi littafin rubutu da biro, na yi kwana huɗu a barandar Mesiye ina kwafa har idanuna suka yi ja. Na koma Sokode ina taƙama. Da na shiga ɗakin na tarar Yaya a zaune, an yi masa aski, ya sa riga mai wanki. Inna ta gaya masa inda na tafi.

Muka gwada da wani ɗan jirgi nawa. Mai gashin baki ya ce shafi na goma sha tara, layi na shida, kalma ta uku. Na ƙirga na rubuta. Ya ce a'a. Na sake ƙirgawa, ya ce a'a. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Kwafa na yi irin ta 'yan makaranta, ina bin magana, in layina ya cika na sauka na gaba. Layin littafin daban, nawa daban. Duk kalmomin suna nan, amma ba wadda take mazauninta. Yaya ya kawar da kai daga allon. Ya kwance maɓallin rigar a hankali, ya zame ya kwanta. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka ba da hutu Inna ta ce na koma. A wannan karon ban iya ɓoye wa Baffa ba. Yana zaune a kan buzunsa a zaure yana fiƙe alƙalami, na durƙusa na zayyana masa komai, ina yi ina kuka ina zagin Turawa. Na ɗauka zai ce wannan aikin banza ne. Sai ya ajiye wuƙar.

"Tsaya, 'yata. Sun rubuta abin duka, amma sun cire makullinsa sun ajiye a wani wuri daban?"

Na ce haka ne, Baffa.

Ya yi murmushi har na ga wawulonsa. "Ashe su ma malamai ne. Mu ma in muka rubuta wani laƙani mai nauyi, mukan bar kalma ɗaya ba mu sa ba. Wanda ya sace takardar ya saci takarda kawai. Sai wanda ya zo ya durƙusa aka faɗa masa da baki." Sai fuskarsa ta canza. "Abin nan, sato shi aka yi?"

Na ce wallahi saye aka yi, da kwalinsa da komai, littafin ne ya ɓace a hanya tun kafin ya zo hannunmu.

"To makullin haƙƙinku ne. Shi yaron, da wannan abin yake cin abinci?"

"Da shi yake magana ma, Baffa."

Ya ajiye alƙalamin da ke hannunsa. Sannan ya ce gobe bayan ya sallami masu karatun safe na kira mana masu babur.

Baffa bai san harafin boko ko ɗaya ba. Sunansa ma da ajami yake sa hannu. Haka muka isa gidan Mesiye, ni a babur ɗaya, shi a wani, da rawaninsa da gafakarsa a rataye. Tsofaffin biyu sun shekara da shekaru a gari ɗaya ba su taɓa zama tare ba. Suka gaisa da girmamawa, Mesiye ya sa aka kori aladun maƙwabta daga bakin ƙofa, aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro inda haske ya fi kyau.

Abin da na gani a kwana ukun da suka biyo baya har yau ban gama mamakinsa ba. Da farko bai taɓa alƙalami ba. Ya riƙe littafin ya karkata shi ga rana, yana bin layukan da ɗan tsinke, leɓensa na motsi. Ƙirga yake yi: layi nawa a shafi, gungu nawa a layi, ƙwaya nawa a gungu. Ya ɗauko wani kwali da aka ɗaura wa zare a jere, ya ɗora farar takarda ya murza da tafin hannu, sai ga sawun layuka sun fito ba tare da an ja su ba. Ya buɗe kurtun tawada, ya yi bisimilla.

Daga dama ya fara. Na buɗe baki zan ce Baffa ba haka ake yi ba, Mesiye ya ɗaga mini hannu. Baffa ya zana harafin ƙarshe na layin, sannan wanda yake kafin shi, yana tafiya baya-baya zuwa hagu, yana barin fili inda fili yake, yana sa ɗigo inda ɗigo yake, da 'yan hulunan nan da Faransanci ke ɗora wa wasula. Da ya kai ƙarshen hagu, layin ya cika daidai, bai rage ba bai yi saura ba. Mesiye ya sa tabarau ya sunkuya ya karanta shi a bayyane, tiryan-tiryan, kamar daga injin buga littafi ya fito. Ya cire tabarau ya dubi Baffa.

"Malam, shekara talatin ni koya yara rubutu. Ko ɗaya bai yi wannan."

Baffa ya ce, "Su sun san abin da suke rubutawa, shi ya sa suke gaggawa. Ni ban sani ba, sai na kalla."

Wannan maganar ta shige ni, don ni ce mai gaggawar. Na zauna ina kallon hannunsa, hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi amma ya tsaya cak da zarar ya riƙe alƙalami. In ya gama shafi sai ya sake binsa da tsinke daga ƙasa zuwa sama. Sau ɗaya ya sami ƙwaya ɗaya ta ɓace a layi, ya yage takardar duka ya sake, ko da yake Mesiye ya ce ana iya gyarawa. Hotuna kawai yake tsallakewa, ya bar gurbinsu fari, don ya ce shi ba ya zana sura. Shafi ɗaya yake yi a rana, wani lokaci biyu, a fuska ɗaya ta takarda saboda tawadar na ratsawa. Jar takardar tana cin idonsa. Nakan ga ruwa na bin kuncinsa, ya share da gefen rawani ya ci gaba. Na ce Baffa ka huta, ya ce in je in taya matar Mesiye tsinkar zogale.

Hutu ya ƙare na dawo Sokode na bar shi yana yi. Ban gaya wa Yaya ba, don na ji tsoron sake sa shi aski a banza. Fiye da wata guda ya wuce. Yaya ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito, kwamfutar kuma Inna ta rufe ta da tsohon zane.

Wata ranar Asabar da hantsi wani direba ya yi sallama ya miƙo mini gafaka. Ta Baffa ce, tsohuwar, wadda fatarta ta yi baƙi don shan hannu. Na ruga ɗakin Yaya da ita. A ciki akwai tadarishi, wato bangon fata biyu da ake ɗaure warƙoƙin littafi a tsakaninsu, don littattafan malamanmu ba a ɗinke su. Ni da rawar jikina na warware igiyar a gaban fanka tana gudu. Kafin na ankara takardun sun tashi sama, sun watsu ko'ina, wasu ƙarƙashin gado, wasu bayan kwamfuta, wasu a kan Yaya.

Na tattara su ina neman lambar shafi don na jera. Babu ko ɗaya. A littafin Mesiye lambobin suna cikin wani ɗan hoton matuƙin jirgi ne a kusurwa, Baffa kuwa ya tsallake hoton da abin da ke cikinsa. Mesiye, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya lura, amma ya kasa sa bironsa a kan irin wannan rubutu. Na zauna a ƙasa da tulin takardu a cinya, na fashe da kuka. Wahalar tsoho ta wata guda na ɓarar a cikin ƙiftawar ido.

Sai na ji motsin takarda. Yaya ya ɗauki wadda ta faɗa masa a ƙirji ya ɗaga ta sama. Ya kai ta hancinsa ya shinshina tawadar.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na gaya masa. Ya bi takardar da ido daga sama har ƙasa. Can ya nuna mini wata 'yar kalma ita kaɗai a can ƙasa, a gefen hagu, wadda na ɗauka kuskure ce.

"Ba ya sa lamba. Kalmar da warƙa ta gaba ta fara da ita yake rubutawa a nan. Da ita ake bin sawu."

Na duba farkon kowace takarda ina neman kalmar, ban same ta ba. Na ce Yaya babu. Ya karɓi biyu ya duba, sai na ji wani sauti da na manta da shi. Dariya yake yi, har kafaɗunsa na girgiza.

"Ke 'yar boko, kina duba hagu. A wajensa farkon layi dama ne. Kuma na rantse daga bayan littafin ya fara." Ya dubi ɗakin, ya dubi labulen. "Nan ba haske, ba fili. Kira mini mutum biyu su fitar da ni."

Maƙwabta biyu suka ɗauko shi suka ajiye a tabarma a tsakar gida. Rabonsa da ganin rana tun ranar da aka kawo shi. Ya runtse ido ya daɗe, sannan ya ce a kawo masa duwatsu ƙanana. Ya baza takardun kewaye da shi, kowace da dutsenta, yana jan jiki da hannuwa daga wannan zuwa waccan, yana karanta kalmar ƙasa ya nemo 'yar'uwarta. Inna ta bar ƙosai a wuta ya ƙone tana tsaye tana kallo. Kafin azahar ya haɗa su. Ya juya tulin ya fara ƙirga daga ƙasa, ya ce na kawo murfin kwalin nan mai amsoshi biyar. Muka gwada su ɗaya bayan ɗaya, shafi da layi da kalma. Duka biyar suka faɗa daidai inda tsohon ya ajiye su. Mutumin da bai san ko ɗaya daga kalmomin nan ba, bai kauce da ko ɗaya ba.

Aka jawo wayar wuta aka fito da kwamfutar waje. Mai gashin baki ya fito da tambayarsa kamar kullum. Yaya ya lashi yatsa ya ƙirga, ya rubuta. Ɗan gajeren ya cire hularsa ya sunkuya, ya yi mana fatan iska mai kyau. A da haushinsa bai taɓa barina na lura yana da hular cirewa ba ma. Na yi masa gwalo duk da haka.

Amma Yaya bai ja jirgin ba. Akwai warƙa ɗaya da ta rage a gefe, wadda ba ta shiga jerin ba, don ba boko ba ce. Ajami ne, layi huɗu, irin abin da marubuta ke sawa in sun kammala littafi. Ni ba na karanta ajami sosai, sai shi ya karanta mana. Baffa ya rubuta cewa an gama wannan littafi da taimakon Allah, da hannun bawa mai rauni wanda bai san abin da ke cikinsa ba. An gaya masa ɗansa yana buɗe ƙofa da shi, shi ya sa ya rubuta. Duk kuskuren da aka gani a yafe masa, idonsa ne ya gaza, kuma wanda zai iya gyara masa ya daɗe da tafiya.

Wannan shi ne abu na ƙarshe da Baffa ya rubuta a takarda. Bayan nan idon bai ƙara yarda da ƙananan haruffa ba, sai karantarwa da ka. A ranar ba mu san haka ba tukuna. Abin da na sani shi ne Yaya ya mayar da warƙar saman sauran, ya daidaita gefensu da tafin hannu yadda aka koya masa yana yaro, ya ɗaure tadarishin da irin ƙullin da ni ban iya ba. Mai gashin baki yana can yana jira da hula a hannu, ba wanda ya kula shi.

Direban da ya kawo gafakar bai tafi ba, yana ƙofar gida yana shan kokon Inna. Yaya ya ce a kira shi. Da ya shigo ya tsaya turus, don bai zaci ganinsa a waje ba.

Yaya ya ce, "Yaushe za ka koma Dapaong?"

Ya ce jibi, in Allah ya kai mu.

"Ka bar mini gaban mota. Ka zo da wanda zai taya ka ɗaga ni."